Martani: Rikicin Mafara, Bakura da Maradun ya wuce a kira shi lamarin cikin gida

Alhakin kare fararen hula ƙa'ida ce da shugabannin ƙasashen duniya suka amince da ita a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumban 2005, a sakin layi na 138 da na 139 na matsayar taron. Ƙa'idar ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin kare mutanen ƙasarta daga manyan laifuka huɗu, wato kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, korar wata ƙabila daga yankinta da ƙarfin tsiya, da laifukan cin zarafin bil'adama. Ta ɗora wa sauran ƙasashe nauyin tallafa wa gwamnatin ta sauke wannan nauyi, sannan ta bar ƙofa a buɗe ga matakin haɗin gwiwa ta hannun Kwamitin Sulhu idan ya bayyana ƙarara cewa gwamnatin ta gaza. Abin da ya faru a Ruwanda a 1994 da Srebrenica a 1995 ne ya haifar da ita. Afirka ma ta riga sauran duniya, domin kundin kafa Tarayyar Afirka da aka amince da shi a Lome a 2000 ya ba Tarayyar ikon shiga ƙasa memba idan ana kisan ƙare dangi, ko laifukan yaƙi, ko cin zarafin bil'adama.

Wani marubuci ya yi rubutu yana cewa wannan ƙa'ida ba ta da hurumi a yammacin Zamfara. A ganinsa, abin da ke faruwa a ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun fashi ne da satar shanu da garkuwa da mutane, aikin ɓarayin daji da ba su da aƙida ba su da tuta, waɗanda maganinsu ɗan sanda ne da alƙali, saɓanin Boko Haram. Ya ce mutanen da suka bar ƙauyukansu ba su ƙetare iyaka ba, saboda haka ba 'yan gudun hijira ba ne a idon dokar duniya, kuma duk mai kiran ƙasashen waje cikin lamarin yana gayyato wa Najeriya abin da ya sami Libiya ne. Ya yi gaskiya da ya ce mafi yawan dabobin da ke dajin Zamfara ba aƙida ta kai su daji ba. Ya kuma yi gaskiya da ya ji tsoron sojan waje. Kuskurensa shi ne zaton da ya yi cewa waɗannan biyun sun isa su rufe maganar, alhali ƙa'idar ba ta rataya a kan aƙidar mai laifi ba, kuma mafi yawan abin da ta ƙunsa bai shafi aiko da soja ba.

Ƙananan hukumomin uku suna cikin mazaɓar sanatan Zamfara ta Yamma, kuma ruwa ɗaya ne ya haɗa su: madatsar Bakolori da ke kan kogin Sakkwato, wadda hanyoyin ruwanta suka ratsa gonakin shinkafa, albasa, dankali da tumatir na yankin. A nan ne aka yi manyan sace-sacen ɗalibai uku cikin shekara guda. Daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe a Talata Mafara. 'Yan mata 279 aka sako ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, suka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, suka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. Ranar 1 ga Satumba suka kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun. A cikin waɗannan makonni ne aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe makarantu. Gwamnatin da take fama da fashi na yau da kullum ba ta ɗaukar irin waɗannan matakai.

Tun kafin 2021, kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun rasa matsuguni, kuma an biya fiye da naira biliyan uku kuɗin fansa. Alƙaluman na gwamnati ne, ba na wata ƙungiyar waje da za a ce tana da wata manufa ba, kuma sun tsaya ne kafin shekarun da lamarin ya fi ƙamari.

Dokar duniya ta fayyace abin da ake kira laifin cin zarafin bil'adama a sashe na 7 na Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa kotun ICC, kuma Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2001. Sashen ya lissafa kisa, bautarwa, korar mutane daga muhallinsu, tsarewa, azabtarwa da fyaɗe, idan an aikata su a matsayin wani ɓangare na farmaki mai faɗi ko mai tsari a kan fararen hula, bisa manufar wata gwamnati ko wata ƙungiya. Babu inda ya ce sai mai laifin yana da aƙidar addini, ko yana neman kafa ƙasa, ko ma sai ana cikin yaƙi. A shari'ar rikicin bayan zaɓen Kenya, alƙalan kotun sun yanke da rinjaye a 2010 cewa ba dole ne ƙungiyar ta yi kama da gwamnati ba. Abin dubawa shi ne ko tana da ƙarfin aikata irin wannan ɓarna a kan jama'a. Tambayar da ta dace a yi game da Maradun, ke nan, ita ce ko farmakin yana da faɗi da tsari, kuma amsarta tana cikin yadda ake karɓar harajin noma.

Tsarin ya zama sananne a ƙauyukan da ke bakin daji. Saƙo yakan zo ta waya ko ta bakin wanda aka sako, cewa gari kaza zai biya miliyan kaza kafin a yi shuka, ko kafin a taɓa amfanin da ya nuna. Mai gari ya tara magidanta, a raba kuɗin gida-gida, a aika wa 'yan garin da ke ci-rani a Legas ko Abuja su turo nasu. Mai akuya ya sayar da akuya, wanda ba shi da komai ya jinginar da gona. Sau da yawa ba kuɗi kaɗai ake nema ba, akan haɗa da sabon babur, katin waya, fetur ko buhunan abinci. Garin da ya biya yakan sami lafiya zuwa wani lokaci, har wata daba da ba ta cikin yarjejeniyar ta zo da tata buƙatar. Garin da ya kasa biya a ƙone rumbunansa, a kwashe mata da yara, ko a tilasta wa mazansa yin noma a gonar kacalla, wato shugaban dabar, ba lada. Mai yanka haraji, ya sa wa'adi, ya hukunta wanda ya saɓa, ya raba yankuna tsakaninsa da takwarorinsa, ya riga ya kafa mulki, ko yana da tuta ko ba shi da ita. Halilu Sububu, wanda ya ɗauki sunan garin Sububu na ƙaramar hukumar Maradun, kuma sojoji suka kashe shi a Satumban 2024, ya shahara da riƙe wuraren haƙar zinare da safarar makamai daga ƙasashen Sahel. Ko kotun Najeriya ba ta bi ra'ayin marubucin ba: a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka buga umarnin a jaridar gwamnati a Janairun 2022.

Maganar rashin aƙida ma tana buƙatar gyara, ko da yake ba a kanta hujja ta tsaya ba. Asalin rikicin yana komawa ga cinye burtali da makiyaya, zaluncin wasu alƙalai da masu sarauta da 'yan sanda a kan Fulani makiyaya, satar shanu, da kisan gilla da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba, wanda ya jawo ramuwar gayya a kan ƙauyukan manoma. Wannan ɓangaren na ƙabilanci shi kansa dalili ne na damuwa a ƙarƙashin ƙa'idar 2005, domin an kai matsayin da ake kashe mutum saboda Bafulatani ne, ko a ƙone gari saboda ya fitar da 'yan sa-kai. Ban da haka, masu aƙidar sun matso kusa. Ansaru ta daɗe a dazukan Birnin Gwari, kuma a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da ɓullar Lakurawa a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, mutanen da suka shigo daga Sahel suna wa'azi suna karɓar zakka da bindiga. Alaƙarsu da dabobin daji takan zama ciniki yau, faɗa gobe. Wanda ya ce a jira sai sun haɗe kafin a kira lamarin da sunansa ya manta cewa babban abin da ƙa'idar ta nanata shi ne rigakafi.

Nauyi na farko, kamar yadda marubucin ya faɗa, yana kan Najeriya. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Sai dai wannan nauyi shi ne ginshiƙin farko na ƙa'idar da yake ƙoƙarin korewa, kuma tarihin yankin ya nuna yadda aka sauke shi. Cikin gwamnonin farar hula biyar da Zamfara ta yi tun 1999, uku daga waɗannan ƙananan hukumomi suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023, wanda daga baya ya zama ƙaramin ministan tsaro. Ba za a ce yankin ba shi da wakili a inda ake yanke shawara ba. Duk da haka, a 2018 Yari ya fito fili ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko a kan soja da 'yan sanda. Matawalle ya gwada sulhu a 2019, aka sami sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya koma ga katse waya da rufe kasuwanni. Dauda Lawal, wanda ya gaje shi, ya ce ba zai yi sulhu ba, ya kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rundunoni da sunaye iri-iri, daga Sharan Daji da Harbin Kunama zuwa Hadarin Daji da Fansan Yamma. Sojoji da askarawa da yawa sun rasa rayukansu a wannan aiki, kuma an kashe manyan kacalloli. Amma bayan fiye da shekara goma manomi yana biyan haraji ga ɗan bindiga, kuma ƙa'idar 2005 sakamako take dubawa, ko an kare mutane ko ba a kare su ba.

Akwai kuma ɓarnar da take fitowa daga ɓangaren masu kare jama'a. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya kai hari a Tungar Kara, a yankin Maradun, inda rahotanni suka ce aƙalla mutum 16 ne suka mutu, cikinsu har da 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi. Kafin nan an yi na Mutumji a ƙaramar hukumar Maru a Disamban 2022, da na Tudun Biri a Kaduna a Disamban 2023. Tsofaffin yankin ba baƙi ba ne ga irin wannan. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin Bakolori suna neman diyyar gonakin da aka karɓe musu; gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Idan gwamnati ce ake zargi, ba a tsammanin ita kaɗai ta zama mai bincike da alƙali, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka samar da hukumomin waje tun farko.

Hujjar marubucin ta biyu, cewa babu 'yan gudun hijira, ta ci karo da abin da ya faru a jihar Maraɗi. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka riƙa tsallakawa Jamhuriyar Nijar, musamman yankunan Gidan Rumji da Madarumfa. Hukumar UNHCR ta ce sun kai 20,000 a watan Mayun shekarar, suka ninka kafin ƙarshenta, suka haura 70,000 a shekaru biyun da suka biyo baya, mafi yawansu mata da yara. Nijar ta karɓe su a matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, ba tare da tantance kowa ɗaya bayan ɗaya ba, aka kuma mayar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Abin da ya ba da damar haka shi ne yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira fiye da yarjejeniyar 1951, ta haɗa da duk wanda ya bar ƙasarsa saboda al'amuran da suka dagula zaman lafiyar jama'a matuƙa. Ba ta tambayi ko mai dagulawar yana da aƙida ba. Ƙasar da take cikin mafi talauci a duniya ta ɗauki nauyin talakawan ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, kuma ƙauyukan Katsinawa da Gobirawan Maraɗi ne suka fara raba hatsinsu da baƙin kafin wata hukuma ta iso.

Gaskiya ne cewa Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su yi iyaka da Nijar ba, kuma mafi yawan waɗanda suka gudu daga ƙauyukansu suna cikin Najeriya: a garin Mafara, a Gusau, a Sakkwato, wasu har kudu. Amma dokar duniya ba ta bar su a baya ba. Akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 kan waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu, waɗanda Francis Deng ɗan Sudan ya jagoranci tsarawa, kuma shi ne ya yayata tunanin cewa 'yancin ƙasa nauyi ne a kan gwamnati kafin ya zama kariya gare ta. Akwai kuma Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta wajabta wa gwamnatocin Afirka kare irin waɗannan mutane, da neman taimakon waje idan ƙarfinsu bai kai ba, da barin masu agaji su isa gare su. Najeriya ta tabbatar da ita a 2012, ta kuma shafe fiye da shekara goma ba ta mayar da ita dokar cikin gida ba. Nijar ta yi tata dokar tun 2018.

Abin da ya fi cutar da 'yan gudun hijirar yammacin Zamfara shi ne rashin ganinsu. Babu manyan sansanoni irin na Maiduguri da kyamara za ta ɗauka. Suna cikin kangaye, da azuzuwan firamare, da zaurukan 'yan'uwa, inda ɗaki ɗaya yakan ɗauki iyali biyu ko uku. Matan da a da suke da rumbu da tumaki su ne yanzu a bakin tasha da ƙofar masallaci, ko suna surfe da wankau a gidajen mutane. Zumunci ya rufa musu asiri, amma ya kuma ɓoye su daga lissafi, kuma wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin kasafi. Shekara da shekaru shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya na Najeriya yana taƙaita ga jihohi uku, Borno, Adamawa da Yobe. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2349 kan yankin Tafkin Chadi a 2017. Arewa maso yamma ba ta sami makamancinsa ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take Zamfara tun annobar gubar dalma ta 2010 kuma take tallafa wa sashen kula da yara masu tamowa a babban asibitin Talata Mafara, ta sha kokawa kan wannan wariya. Binciken da ta yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna cewa yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da rashin abinci mai gina jiki. Awon da ake yi mai sauƙi ne: a naɗa wata 'yar igiyar roba mai launi uku a damtsen yaro, idan ta tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin hatsarin mutuwa. Yara masu jan awo suna zuwa ne daga ƙasar da kirarinta noma, a gefen madatsar da aka gina domin ta shayar da dubban kadada. Rarrabewar da marubucin yake karewa, tsakanin mai aƙida da ɓarawo, ita ce dai ta sa aka ware wa yaron Bama a Borno abinci aka bar na Maradun.

Saura maganar Libiya, wadda ita ce hujjarsa mafi ƙarfi. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 1973 domin kare fararen hula, ƙungiyar NATO ta zarce da shi zuwa kifar da gwamnatin Gaddafi, ƙasar ta wargaje, rumbunan makamanta suka watsu cikin Sahel. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekara goma a Mali, daga 2013 zuwa 2023, ta fita ba tare da an sami zaman lafiya ba. Abin da ya biyo baya a Najeriya ma bai ƙarfafa gwiwa ba. A ƙarshen Oktoban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, ya yi barazanar ɗaukar matakin soja kan abin da ya kira kisan Kiristoci, kuma ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, wanda gwamnatin Najeriya ta ce da haɗin kanta aka yi. Labarin da aka gina wannan mataki a kansa ba shi da gurbi ga mutanen Jangebe da Kaya, inda masu kisan da waɗanda ake kashewa kusan dukkansu Musulmi ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya sa a ƙi sojan waje a dajin Sububu. Amma bai kore ƙa'idar ba. Rahoton da Ban Ki-moon ya gabatar a 2009 ya kasa ta ginshiƙai uku, kuma ƙarfin soja shi ne zaɓi na ƙarshe a cikin ginshiƙi na uku, bayan diflomasiyya da agaji da takunkumi, kuma sai da izinin Kwamitin Sulhu. Marubucin ya ɗauki wannan zaɓi na ƙarshe ya mai da shi ƙa'idar gaba ɗaya. Maƙwabcin da ya kawo bokitin ruwa ranar gobara bai ƙwace gida ba.

Hannun ƙasashen waje kuwa ya daɗe a yankin, ba tare da kowa ya ce an taɓa 'yancin ƙasa ba. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar Bakolori a shekarun 1970. Bashin Bankin Duniya ne ya gyara hanyoyin ruwanta a ƙarƙashin shirin TRIMING. Jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 daga Amurka suka zo a 2021. A Oktoban 2021, makonni kaɗan bayan sace ɗaliban Kaya, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu kan sanarwar kare makarantu, wadda Najeriya ta sa wa hannu tun 2015. Ƙasar da take karɓar bashi da makamai da taro daga waje ba za ta ce tambaya kan rayukan talakawanta kaɗai ce ta zama shisshigi ba.

Haka kuma rikicin yana cin abinci daga wajen iyaka. Binciken da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara, Katsina da Kaduna ya gano waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya da Kwaddibuwa, da bindigogin da aka shigo da su daga Turkiyya, da waɗanda suka zurare daga hannun jami'an tsaron Najeriya kansu. Zinaren da ake haƙa a dazukan jihar yana fita ta ɓarauniyar hanya zuwa kasuwannin waje, musamman Dubai. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024, amma ikonta bai kai ga mai saye a wata ƙasa ba. Haɗin gwiwar tsaro da Nijar ya yi rauni tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ECOWAS da rufe iyaka da suka biyo baya, da ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025. Babu ɗan sandan Mafara ko alƙalin Gusau da zai iya toshe ko ɗaya daga cikin waɗannan kafofi.

A nan ne ginshiƙi na biyu yake da aiki, kuma ayyukansa sanannu ne. Ƙasashen da ke sayen zinare suna da ikon tilasta wa matatunsu bin diddigin inda ya fito. Masu sayar wa Najeriya jirage da bama-bamai suna da damar sa sharaɗin a binciki kowane harin da ya faɗa kan fararen hula, a bayyana sakamako, a biya diyya. Tarayyar Afirka tana iya shiga tsakanin Abuja da Yamai domin a dawo da sintiri da musayar bayanai a iyakar Maraɗi, ko da sauran saɓanin siyasa bai warware ba. Hukumomin agaji suna iya ƙidayar waɗanda suka rasa matsuguni a arewa maso yamma da ma'aunin da suke amfani da shi a Borno, su ware kuɗi gwargwadon buƙata, duk da cewa rage tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya ƙuntata asusun kowa. Kotun ICC, wadda mai gabatar da ƙararta ta lokacin Fatou Bensouda ta kammala binciken share fage kan Najeriya a Disamban 2020 game da Boko Haram da jami'an tsaro, ba ta karɓar shari'a sai inda kotunan ƙasa suka ƙi ko suka kasa. Saboda haka hanya mafi kusa ta hana ta shigowa ita ce a gurfanar da kacalloli da masu kai musu makamai da bayanai, da 'yan sa-kan da suka yi kisan gilla, a gaban kotunan Najeriya, a yanke hukunci a bainar jama'a. Rahoton kwamitin M.D. Abubakar ya zargi wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro da hannu a lamarin, kuma ya ba da shawarar a hukunta su.

Ko Najeriya ta kai matsayin gazawa ƙarara, wanda zai buɗe ginshiƙi na uku, tambaya ce da ake iya saɓani a kanta. Gwamnatin tana yaƙar 'yan bindigar, ba ita ke tura su ba, kuma babu alamar Kwamitin Sulhu, da rarrabuwar kan da yake ciki tun bayan Libiya da Siriya, zai amince da wani mataki na tilas. Ginshiƙi na farko da na biyu kuwa ba sa jiran wannan hukunci. Suna aiki tun daga lokacin da haɗarin manyan laifuka ya bayyana, ba sa buƙatar ƙuduri, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da su a 2005.